Tukunyar Tatung, abokiyar ci-ranin 'yan Taiwan: yadda take da wutarmu da abincinmu

Tukunyar Tatung, tukunyar lantarki ta dafa shinkafa da turara abinci da ake yi a Taiwan, ba kayan da za ka shiga babbar kasuwar Garwa ko ta Marwa ka tarar an jibge ba ne. Ɗaya-ɗaya take shigowa, a jakar matafiyi, ko ta odar intanet, ko daga hannun baƙon da ya gama aikinsa a Chadi yana rage kaya zai koma gida. Shi ya sa sau da yawa take zuwa ba takardar bayani, in ma akwai to da rubutun Sin, mai ita ya yi ta lalube. Lalube kuwa a kan wannan tukunya yana da tsada, don kuskure ɗaya wajen jona ta ya isa ya kashe ta tun ranar farko. A ganinmu tukunya ce ta ƙwarai, mai ƙarko, mai sauƙin gyara, kuma ta dace da yawancin abin da muke turarawa. Amma ba kowane gida ta dace da shi ba, kuma gara mutum ya san haka kafin ya fitar da sefarsa.

Kamfanin Tatung tsoho ne, tun 1918 yake, kuma ya fito da wannan tukunya a 1960. Daga lokacin zuwa yau siffarta ba ta wani canza ba. Akwai tukunyar waje mai ƙafafu, wadda hita ke manne a ƙarƙashinta. Akwai tukunyar ciki da murfinta, da babban murfi, da faranti mai huji-huji, da kofin awo, da cokalin kwashe shinkafa. Maɓallin dahuwa ɗaya ne tak, ana danna shi ƙasa. Ba agogo, ba allo, ba lambobi. Abin da ya raba ta da tukunyar shinkafa ta lantarki da aka saba sayarwa a nan shi ne wuta ba ta taɓa gindin tukunyar abinci. Ruwa ake zubawa a tukunyar waje, a zaunar da ta ciki a kai, a rufe. Ruwan ya tafasa, tururi ya dafa abincin, in ruwan ya ƙone ƙarfen ya ɗau zafi fiye da na tafasa, sai maɓallin ya ɗago da kansa da ƙara "ƙwas". Madambaci ne mai jona wuta, wanda ya san lokacin sauke kansa. Ruwan wajen shi ne agogonta: kofi ɗaya yana kai wa minti 15 zuwa 20, rabin kofi kusan minti 10, kofi biyu ya haura rabin awa.

Ba za a gane dalilin da ya sa aka yi ta haka ba sai an san masu ita. Taiwan tsibiri ne mai mutum kusan miliyan 23, ƙasa mai arziki, amma 'ya'yanta da yawa a waje suke neman na kansu. Hukumar ƙididdigarsu ta ce a 2019 mutum 739,000 ne ke aiki a ƙetare, 395,000 daga ciki a ƙasar Sin da Hong Kong da Makau. Annobar korona ta sauko da adadin zuwa 319,000 a 2021, daga baya ya sake hawa. Ba yunwa ke korarsu ba. Albashi ne ya daɗe a tsaye yayin da kuɗin gida ke gudu. A 2009 gwamnati ta yi wani shirin ɗaukar sababbin masu digiri a kan dalar Taiwan 22,000 a wata, sai kamfanoni da yawa suka mai da wannan adadi mizani, har matasa suka riƙa kiran kansu da shi. Mafi ƙarancin albashi a 2025 dalar Taiwan 28,590 ne. A birnin Taipei kuwa, sai iyali su tara duk abin da suke samu na fiye da shekara 15 kafin ya kai kuɗin gida, ga aikin da ke cin kusan awa 2,000 a shekara. Matashin da ya yi wannan lissafi ya ga ba zai fita ba, sai ya ɗaure kaya.

Hanyoyin fitar ma sun bambanta. Tun ƙarshen shekarun 1980, da darajar kuɗinsu ta tashi kuma aka buɗe hanyar zuwa Sin a 1987, masana'antun takalma da tufafi da kayan lantarki suka yi ƙaura zuwa garuruwa irin su Dongguwan da Kunshan, manajoji da injiniyoyi suka bi su. Daga baya aka karkata zuwa Biyetnam da Indonesiya da Tailan, musamman bayan gwamnatin Tsai Ing-wen ta fito da manufar fuskantar kudu a 2016. Matasa kuma suna da bizar aiki da yawon buɗe ido, wadda Ostiraliya ta buɗe musu tun 2004: mai digiri ya je ya yi tsinkar 'ya'yan itace ko aikin mayanka na kwana 88 a karkara don a ƙara masa shekara ta biyu. Na baya-bayan nan su ne injiniyoyin kamfanin TSMC, mai ƙera ƙananan ƙwaƙwalen da ke cikin waya da kwamfuta, waɗanda aka kwasa da iyalansu zuwa Arizona a Amurka da Kumamoto a Japan, inda aka buɗe masana'anta a Fabrairun 2024. A cikin kayan ɗalibi da na manaja da na injiniya, abin da ba a cika rasawa ba shi ne wannan tukunya. Sau da yawa uwa ce ke saya wa ɗanta.

Mu nan ma ba baƙinmu ba ne gaba ɗaya. Chadi ta yi hulɗar jakadanci da Taiwan daga 1962 zuwa 1972, ta sake daga 1997 zuwa Agustan 2006. Masana nomansu sun yi aikin shinkafa a Bongor, daura da Yagwa a ƙetaren Logon, kuma har yau akwai titin da mutanen Njamena ke kira da sunan Taiwan. Kamfanin man gwamnatinsu, CPC, yana da hannu a rijiyoyin Oryx a kudancin Chadi, waɗanda suka fara ba da mai a 2020, man kuma yana bin bututun da ya ratsa Kamaru zuwa Kiribi.

To, batun wuta, wanda shi ne ya fi kashe tukwanen nan. Wutar Taiwan bolt 110 ce, tamu a Kamaru da Chadi bolt 220. Kamfanin yana yin samfurin bolt 220 musamman don masu fita waje, amma wanda ya taho da ta gidansu, ko wadda aka sayo daga Amurka, ta 110 ko 120 ce. Kafin komai, a juya tukunyar a karanta lambar da ke jikin takardar ƙarfe ko ledar da aka manna a gefe ko a gindi. Kada a dogara da kan fulogi. Fulogi mai baki biyu masu faɗi alama ce ta wutar 110, amma wani ya iya yanke shi ya sa irin namu mai zagaye, cikin tukunyar kuwa yana nan yadda yake. In aka jona ta 110 a wutar 220, zafin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi: hita mai wat 800 ta koma jan wat 3,200. Kafin uwargida ta juya ta ɗauko murfi, wari ya tashi. In an yi sa'a fis ne ya tsinke, in ba a yi ba hitar ta tafi.

Wanda ya riga ya mallaki ta 110 yana buƙatar tiransifoma mai sauke wuta, ta gaske mai nauyi, wadda ƙarfinta bai gaza wat 1,000 ba ga ƙaramar tukunya, 1,500 ga babba. Ƙananan adafta na matafiya da ake sayarwa don aski da caji ba su da amfani a nan, narkewa suke yi. Kuɗin tiransifomar kirki yakan yi kusa da na tukunyar, don haka mai saye sabuwa ya nemi ta 220 kawai ya huta. Bambancin bugun wuta, 60 a can 50 a nan, ba ya damun ta ko kaɗan, tunda ba mota a cikinta.

Matsala ta biyu ita ce raunin wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da dam ɗin Lagdo, kuma in ruwan Binuwai ya ja baya kowa ya san yadda ake rabon wuta unguwa-unguwa. Da magariba, lokacin da kowa ya kunna nasa, wutar takan faɗo. In ta sauko bolt 180, tukunyar na aiki da kashi biyu cikin uku na ƙarfinta ne kawai. Ba za ta lalace ba, amma shinkafar minti 20 sai ta kai 30 ko fiye. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar dahuwa, kada a buɗe murfi. Maɓallin yana nan a danne, wuta na dawowa za ta ci gaba daga inda ta tsaya, kuma wannan babbar fa'ida ce a kan tukwane masu allo da sukan manta abin da aka umarce su. In wutar ta ƙi dawowa, tukunyar ciki ta ƙarfe ce, ana iya ɗora ta a gas ko gawayi a ƙarasa da ɗan ƙarin ruwa.

Tukwanen suna jan wat 600 zuwa 800 gwargwadon girma. Dahuwar minti 25 a babbar tana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na kilowat-awa, wato yunit ɗaya na mita, ba wani abin tashin hankali ba ne a takardar wuta. Amma ƙaramin janareta na fanka da talabijin ba zai ɗauke ta ba. Mai sola kuma ya tabbata inbatarsa ta kai wat 1,500, ya sani cewa a batir mai bolt 12 tukunyar na jan kusan amfiya 70 muddin tana tafasa. A yi girkin da hantsi zuwa azahar, rana na dukan farantan, ba da dare a kan batir kaɗai ba. Kada kuma a jona ta a siririyar wayar ƙari tare da firiji, wayar za ta yi zafi ta narke a bakin soket.

Awon abinci shi ne inda takardar kamfani ba ta yi da mu ba. Kofinta mililita 180 ne, kusan giram 150 na ɗanyar shinkafa. In aka ce tukunyar mutum goma, kofi goma ake nufi, wato kilo ɗaya da rabi, kuma lissafin ɗan Taiwan ne mai cin shinkafa a ɗan kwano da kayan haɗi kala uku. A gidan Bahaushe ta mutum goma ta ciyar da biyar ko shida. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, kofi ɗaya ruwa kofi ɗaya. Tamu ba haka ba. Shinkafar Yagwa da Maga, ta kamfanin noman shinkafa na SEMRY, da sauran ta gida mai ɗan kari, tana son ruwa kofi ɗaya da kwata ga kowane kofi, bayan an tsince tsakuwa an wanke sau uku. Doguwar ta buhu mai ƙamshi, ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi. Wadda aka turara tun a masussuka ta fi shan ruwa, ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma gara a jiƙa ta minti 20. A waje a zuba kofi ɗaya in shinkafar ba ta wuce kofi shida ba, ɗaya da rabi in ta fi. In maɓalli ya ɗago, a bar ta a rufe minti 10 zuwa 15. Masu cewa tana barin tsakiyar shinkafa da gari-gari, yawancinsu buɗewa suke yi da zarar sun ji ƙarar. Ba ta ƙona gindi, don haka mai son ƙanzo ba zai samu ba.

Inda ta fi burge mu shi ne alale da dambu. A zuba ƙullun alale a gwangwanaye ko ƙananan kwanuka da aka shafa wa mai, a jera a kan farantin nan mai huji, ruwa kofi biyu a waje. Ba mai tsayawa yana leƙa ko ruwa ya ƙone, kuma ruwa ba ya shiga cikin alalen. Dambun shinkafa ko na masara da zogale, a shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle a kwando na ƙarfe, a turara tsakin da kofi ɗaya da rabi, a sauke a haɗa ganye da albasa da gyaɗa, a mayar da kofi ɗaya. Tururi yana taruwa a cikin murfi ya ɗigo, don haka a naɗe murfin da ƙyalle in ba a son saman dambun ya jiƙe. Dankali, rogo, makani da kabewa, kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi gwargwadon kaurin yanka. Karfasa ko giwan ruwa na Logon da citta da albasa a faranti, kofi ɗaya bai cika ba ma ya isa, naman kifin ya fito fari yana rabuwa da ƙaya. Farfesun naman sa yana son zagaye biyu na kofi biyu-biyu. Tsakanin zagaye a jira minti biyar, don maɓallin ba ya yarda ya dannu in ƙarfen na da zafi, kuma a ƙara ruwan ɗumi, ba na randa ba.

Wake yana dahuwa in an jiƙa shi tun dare, amma a kula da kanwa. Tukunyar waje a samfurin da aka fi sani ta alminiyam ce, kanwa kuwa tana cin alminiyam ta baƙanta shi. Duk abin da za a sa wa kanwa, ko mai tsami irin yakuwa da tsamiya, a yi shi a tukunyar ciki ta ƙarfe marar tsatsa, kada a cika ta har ya yi ambaliya. Tuwo kam ba aikinta ba ne, ba ta da inda za a tuƙa. Suya ma haka, in aka zuba mai a tukunyar waje maɓallin zai yi ta ɗagowa, ƙasan kuma ya yi tabo. Gidan da tuwon dawa da miyar kuka ne abincin kullum, tukunyar za ta zauna a kan kanta tana shan ƙura.

Wanda zai sayi ta hannu ya tuna cewa girkin Taiwan ya dogara sosai da naman alade da giyar shinkafa da ake zubawa a miya. Tukunyar ciki a sauya ta da sabuwa, ko kowane kwanon ƙarfe da zai shiga ya bar sararin yatsa a kewaye, wanda shi ma wata fa'ida ce, don tukwanen da aka saba in kwanonsu ya lotsa shi ke nan. Ta waje da murfi a wanke su tsaf a tafasa ruwa a ciki. Kada a taɓa tsoma tukunyar waje cikin ruwa, wayoyi na ƙasanta. Ruwan rijiyar burtsatse yana barin farin dutse da baƙin zobe a ciki. A cika ta da ruwa kusan kashi bakwai cikin goma, a matse lemon tsami uku ko huɗu, a tafasa, a cire fulogi, a bari ya huce, a goge da soso mai laushi. Bayan maɓalli ya ɗago tukunyar tana ci gaba da ɗumama abinci, tsofaffin samfura kuma ba su da makunnin kashe ɗumin, muddin fulogi na jiki suna jan 'yar wuta, abinci kuma yana bushewa. A zafin Maris da Afrilu kada a bar abinci a kan ɗumi ya wuce awa uku ko huɗu.

Wannan batu na alade yana nuna wani abu game da zaman masu tukunyar a cikinmu. Ɗan Taiwan a waje yakan fara da neman nasa: ƙungiyoyin 'yan kasuwarsu da ke kowace nahiya, da zauren hira a manhajar LINE inda ake tambayar likita da gidan haya da inda ake samun miyar waken suya. Wanda kamfani ya kawo, ko a masana'antar takalma a Biyetnam ko a sansanin mai, ɗakin kwanansa da kantin cin abincinsa duk a cikin shinge suke, yana iya shekara uku bai koyi gaisuwar gari ba. Tsarin ƙasarsu ma yana jan su gida: inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 1995 tana da araha da inganci, kuma wanda ya shekara biyu bai taka Taiwan ba ana cire sunansa daga rajistar gidansu. Saboda haka da yawa suna zama ne da shirin komawa. A nan ga ƙarin wahalar harshe. Baƙon ya zo da Sinanci da ɗan Turanci, ya tarar da Faransanci a ofis, Larabcin Chadi a kasuwar Njamena, Fulatanci da Hausa a Garwa. Ba su da ofishin jakadanci a Kamaru ko Chadi, mafi kusa shi ne ofishin kasuwancinsu na Legas. Kowa kuma ɗan Sin yake kiransa, abin da ke yi wa da yawansu ciwo, kuma ba ƙaramin abu ba ne: a Mayun 2014 masu zanga-zangar adawa da Sin a Biyetnam sun ƙona masana'antun 'yan Taiwan saboda rubutun da ke jikin allunansu. Fasfonsu na 2021 an ƙara girman kalmar Taiwan a bangonsa don a daina wannan ruɗani.

Waɗanda suka saje da gari kuwa, ta kasuwa da kicin suka shiga. A Afirka ta Kudu da Lesoto akwai iyalan da suka je da masana'antun tufafi tun shekarun 1980, 'ya'yansu suka tashi a can, wasu suka shiga aikin agaji na gidauniyar Tzu Chi kafaɗa da kafaɗa da matan Zulu. A ƙasar Musulmi irin tamu, mataki na farko shi ne mutum ya bar alade ya koyi naman sa da na rago, ya san mahaucinsa, ya iya cewa a rage masa. Tukunyar tana taimakawa a nan, don duk abin da ya samo a kasuwa tana karɓa, kuma abin da ya fito daga cikinta yana iya miƙa wa maƙwabci ba tare da an yi ɗari-ɗari ba. Wanda ke da irin wannan baƙo a unguwa ko a wurin aiki, in ya tambaye shi daga ina yake kafin ya laƙaba masa ƙasa, ya riga ya buɗe ƙofa.

Mai gyaran rediyo ko dutsen guga na unguwa zai iya buɗe ta, sukurori kaɗan ne a gindi, a ciki kuma hita ce da fis da makunni da 'yar fitila. Fis da waya ana samun madadinsu a Kusuri ko Ngaundere ba wahala. Hitar ce ba a samu a nan, in ta ƙone sai dai a haƙura. Mai saye ta hannu ya sa a gwada a gabansa: rabin kofin ruwa, a danna, ta tafasa cikin 'yan mintuna, maɓalli ya ɗago da kansa da ruwan ya ƙare. In sai an ɗaga shi da hannu, a bar ta. Ga ɗalibi, da gwauro, da ma'aikaciyar da ke fita tun safe, da mai sayar da alale, ta mutum shida mai bolt 220 ta wadatar. Gida mai yara ya nemi ta mutum goma ko sha ɗaya, kuma in da hali ya ƙara kuɗi ya ɗauki wadda tukunyar wajenta ma ta ƙarfe marar tsatsa ce, saboda kanwa da ruwan burtsatse.